Doka Ta Sassauta, Me Ya Sa Ɗana Yake Kurkuku Har Yanzu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A 2019 kotun sakit (wadda ke ƙasa da Babbar Kotu) ta ɗaure ɗana shekara goma saboda ƙulli biyu na wiwi da aka samu a aljihunsa. Sha yake yi, ba sayarwa ba. Daga baya aka kama yaron maƙwabtanmu da irin wannan laifi, aka ci shi tara, ya kwana gida. An ce doka ce ta canja. To, shi nawa ɗan fa? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi, Ghana.

AMSA: Wa alaikumus salam, Mama. Allah ya kawo mafita. Gaskiya aka faɗa miki, doka ta canja. An hukunta ɗanki ne da tsohuwar dokar ƙwayoyi ta 1990, mai lamba 236, wadda ta ɗaure hannun alƙali: wanda aka samu da wiwi, komai ƙanƙantarta, ba a ba shi ƙasa da shekara goma. A 2020 aka kawo sabuwa mai lamba 1019, ta raba mai sha da mai fatauci. Mai sha tara ce a kansa, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya ya yi zaman da bai wuce wata 15 ba.

Abin da ya raba ɗanki da yaron maƙwabta shi ne ranar da aka yanke hukunci. Dokar Fassarar Dokoki ta 2009 ta ce soke doka ba ya goge hukuncin da aka riga aka yanke da ita. Sassaucin yana kan wanda bai kai ga hukunci ba lokacin da sabuwar ta fara aiki. Sashe na 19 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya hana a ƙara wa mutum hukunci fiye da wanda yake akwai ranar da ya yi laifin, amma bai ce a rage masa in doka ta yi sauƙi daga baya ba. A ganinmu wannan giɓi ne da ya kamata Majalisa ta toshe tun ranar da ta yi sabuwar dokar, domin babu adalci a ce laifi ɗaya, wani ya biya kuɗi, wani ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan yarin Adum da ke Kumasi.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Ki fara da ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Wa'adinta wata ɗaya ne daga ranar hukunci, kuma ya wuce, don haka lauya zai nemi izinin shigar da ita a makare, tare da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkirin. Kafin nan ki je wurin magatakardan kotun da ta yi shari'ar da lambar ƙarar, ki nemi kwafin duk abin da aka rubuta a zaman. A nan yawancin iyalai suke maƙalewa: ba su riƙe lambar ba, fayil ya yi ta ɓuya. In ba ta hannunki, tana kan takardar da aka kai shi gidan yari da ita.

Idan kwafin ya fito, a duba yadda ya amsa laifin. Yaranmu na zango da yawa suna cewa sun amsa ba tare da sun gane Turancin da aka karanta musu ba, alhali sashe na 19 ɗin nan ya ba su haƙƙin tafinta kyauta. In ba a rubuta cewa an fassara masa ba, wannan hujja ta fi ƙarfin cewa doka ta canja. Lauya zai iya haɗawa da sashe na 15 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da siyasa, wadda Ghana ta amince da ita a 2000, mai cewa mai laifi ya ci moriyar sassaucin da ya zo daga baya. Sai dai yarjejeniya ba ta zama dokar gida kai tsaye ba. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati a Kumasi.

Sannan akwai afuwar Shugaban Ƙasa a sashe na 72, bayan ya shawarci Majalisar Mashawarta ta Ƙasa. A Maris 2020 fursunoni 808 suka amfana. Ɗanki ya rubuta koke ta hannun shugaban gidan yarin, ya ambaci canjin dokar, da cewa laifinsa na farko ne in haka ne. Kada ki ba kowa ko sisi don a sa sunansa a jerin afuwa, ba a sayen ta.

Ki kuma sa a lissafa miki ragin kyakkyawan hali, wanda yake kai kashi ɗaya cikin uku. Shekara goma tana iya komawa shida da wata takwas, in ba a rubuta masa laifi a ciki ba. Ranar ziyara ki roƙi a nuna miki ranar fitarsa a ofishin ajiyar bayanan fursunoni, ki rubuta ta ki kai wa lauyan kafin ya shigar da komai.