Amsa: Tura yaro karatu Fatakwal

Malam, kan tambayarka ko rikicin siyasar Jihar Ribas zai taɓa karatun ɗanka: Jami'ar Fatakwal da ke Choba ta gwamnatin tarayya ce, kamar Danfodiyo tamu a nan Sakkwato, ba gwamna ke biyan malamanta ba. Dokar ta-ɓacin da Tinubu ya ƙaƙaba a Maris 2025, ya dakatar da Gwamna Fubara wata shida, rigimar manya ce tsakanin Fubara da Wike, tsohon gwamnan jihar.

Ni abin da ya fi damuna ƙungiyoyin asiri ne. Da shinkafa da fara'a suke jan sabon ɗalibi, 'yan siyasa kuma su yi hayarsu lokacin zaɓe. Ka ja masa kunne sosai, ya kama ɗaki cikin makaranta, ya nemi 'yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, tun makon farko. Ruwan sama kuwa, ya tafi da lema.