Amsar tambayarka kan banɗakin dajin nan mara ruwa

Habu, naga saƙonka tun daren jiya har da hoton. Kace irin banɗakin da ake ginawa ne a dazukan shaƙatawa na Amurka, ba famfo ba fuloshin kuma wai baya wari, kana so kasan bambancinsa da masan da muke yi a makarantu, da dalilin da yasa aka masa ƴar taga ɗaya tak alhali iska ake nema. Naji daɗin tambayar sosai, don yaron da yake tambayar dalili shi ne zai riƙe aiki.

Da farko dai wannan ba masai bane, tanki ne. Kasan masanmu muna barin gindin ramin ba dabe, kuma in muna jera bulo muna barin ƙofofi don ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa. Shi kuwa kankare ne a toshe ta ko ina, ɗigo ɗaya ba a so ya fita, saboda a bakin rafi ko tafki ko gindin dutse ake sashi inda mutane ke wanka da kamun kifi. In ya kusa cika motar zuƙa tazo ta yashe. Da yawansu galan 1,000 suke ci, wajen lita 3,800 kenan, kuma a kamfani ake zuba su a kawo a mota a dasa.

Toh maganar taga. Hukumar gandun daji ta Amurka ce ta zauna kan matsalar warin nan a cibiyarta dake San Dimas a Kalifoniya, wani ma'aikacinsu Briar Cook ya fitar da ƙa'idar ginin a 1991. Duk dabarar ita ce iska tabi hanya ɗaya kawai, ta shigo ta tagar nan dake kallon inda iska ta fi kaɗowa, ta gangara cikin ramin zama, ta ratsa tankin, ta haura ta bututun ta fice can sama da kan mutane. Shi yasa kaga bututun ƙato ne, faɗinsa inci 12, kuma ya zarce ƙololuwar rufi da ƙafa 3. In ka huda taga ta biyu a ɗaya bangon iska zata shigo ta nan ta fice ta can, kuma garin wucewa sai ta janyo warin ramin zuwa cikin ɗaki. Kaga ka ƙara iska amma ka ɓata aikin.

Na gani da idona. Wata makaranta muka yiwa masai mai bututu shekarun baya, lafiya lau, bayan wata uku aka kirani wai wari ya hana yara shiga. Ina zuwa na tarar wani ya fasa bulo biyu a bangon baya wai don haske. Na kunna guntun igiyar sauro na riƙe a bakin ramin, hayaƙin sai ya taso min fuska. Muka toshe wurin da bulo da filasta, na sake gwadawa, wallahi sai ga hayaƙin nan ya lanƙwashe ya nufi ƙasa kamar ana jansa da zare. Ka riƙe gwajin nan, duk banɗaki mai bututu da ka gama kayi shi kafin ka miƙa makulli.

Baƙin fentin bututun kuma don yasha rana ne, iskar ciki tayi zafi ta tashi. Su ta gefen kudu na ginin suke sashi saboda ta kudu rana take bin su. Kada ka kwafi wannan ido rufe, mu nan Kano da Bauchi rana kusan a tsakar ka take, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta ma ta arewa take ratsawa. A wurinmu abin dubawa shi ne kada bishiya ko wani gini ya tare bakin bututun, don iskar dake gogar samansa ita ta fi zuƙa. Wannan ba sabon ilimi bane a Afirka, masai mai bututun da muke yi daga cibiyar bincike ta Blair dake Zimbabwe ya fito a shekarun 1970, aikin Peter Morgan ne. Bambancin amfani ɗaya ne da zaka kula, na Amurkan yana da kujera da murfi kuma rufewa ake yi, namu na tsuguno ba a toshe raminsa, ɗakin ne ake bari da ɗan duhu don ƙuda yabi hasken bakin bututu ya maƙale a ragar da ake sawa a nan.

Ragar ma kada kasa ta ƙarfen banza, tururin ramin zai cinye ta. Kuma kada kasa wa bututun hula. A can har mujiya ke faɗawa ciki tana zaton kogon bishiya ne ta kasa fitowa, sai da wata cibiyar tsuntsaye a jihar Wayomin, Teton Raptor Center, ta ƙera raga ta musamman da bata tare iska.

In ɗaki biyu ne, na maza da na mata, kowanne da tankinsa da bututunsa, bangon tsakiya ba huda ko ta allura. In ka haɗe su iska zata shiga ta rami ɗaya ta fito ta ɗayan.

Yanzu inda nafi so ka buɗe kunne, in wani ya bamu irin aikin nan a wurin shaƙatawa na gida. Su takarda suke amfani da ita, mu da buta muke shiga, kuma ba wanda zai hana musulmi tsarki. Ka lissafa da kanka, mutum 200 a rana, kowa ya zuba lita ɗaya da rabi, lita 300 kenan, tankin lita 3,800 bazai kai sati biyu ba ya cika tun ba a ƙirga bayan gidan ba. Don haka ko ka ƙara girman tankin ko ka ware wurin fitsari da alwala da sokawe ɗinsa daban nesa da ruwa. Kuma kafin ka kama diga ka tambaya, motar zuƙa zata iya shigowa nan da damina? In ba hanya toh wannan tsarin bai dace da wurin ba, ka faɗawa mai aikin gaskiya ko da kwangilar zata kuɓuce.

Wajen zubi kuma kayi dabe da gangare zuwa bakin yasa, wato ƙofar da mota ke zuƙa ta cikinta, bakin yasan a waje yake ta baya da murfi mai kamawa gam, kusurwoyi ka zagaye su da filasta don nan ne yoyo ke farawa. Ka cika shi da ruwa kayi alama da fensir ka dawo washegari ka duba. Wurin da ruwan ƙasa ke kusa ka ƙara masa nauyi, tanki in ba komai ciki ruwa na iya ɗago shi. Bayan kowace yasa a zuba ruwa kaɗan ya rufe daben, a ajiye kwandon shara a ɗakin don leda da famfas da gora su ke toshe tiyon mota.

Sannan Habu, don Allah ko wayarka ce ta faɗa ciki kada ka shiga, kada ka bar lebura ya shiga. Iskar ciki tana sumar da mutum kafin yayi ihu, kuma sau da yawa wanda ya bishi don ceto shi ma a nan yake zama. Gobe kazo da tef da igiyar sauro, in mun tashi daga sayit mu biya ta masan masallaci ka gwada da hannunka.