Fentin da Aka Kuskure Launinsa: Araha Ce ko Asara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin yi wa ɗakuna biyu fenti, kuma kuɗin hannuna ba su da yawa. Mai sayar da fenti ya nuna mini wasu gwangwanaye da ya ware gefe, ya ce an yi kuskure wajen haɗa launinsu, saboda haka zai yi mini rangwame mai yawa. Ina tsoron kada araha ta ja mini asara. Shin irin wannan fenti yana da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Tsoronki yana kan hanya, amma a mafi yawan lokuta fentin lafiyarsa ƙalau. A shagunan da ake haɗa launi, ana ɗauko fenti na asali ne a ɗiga masa sinadarin launi gwargwadon abin da mai saye ya zaɓa, to idan ma'aunin ya kauce, ko kuma mai sayen ya ga abin da ya fito bai yi masa ba, sai gwangwanin ya zauna wa mai shago, domin launin da aka zuba ba ya ciruwa. Ingancinsa da ƙarkonsa suna nan yadda suke; launin ne kawai ya saɓa wa abin da wani ya nema.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen yawa, kuma a nan nake so ki fi mayar da hankali. Irin wannan fenti launinsa a wannan gwangwanin kaɗai yake, idan ya ƙare miki a tsakiyar bango da wuya ki sami wanda zai dace da shi daidai, kuma galibi ba a karɓarsa idan an mayar. Don haka ki auna ɗakin kafin ki fitar da ko sisi. Lita ɗaya takan shafe kimanin murabba'in mita 10 na bango mai santsi a shafe ɗaya. Ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4 da tsayin mita 3 yana da bango na murabba'in mita 48; idan aka cire ƙofa da taga za a sami kamar 44, kuma tun da shafe biyu ake yi, kina bukatar kusan lita 9 don ɗaki ɗaya irin wannan. Sabon filasta ko bango mai kaushi ya fi haka shan fenti. Ki ƙara ɗan abin da za ki ajiye saboda gyaran tabo nan gaba.

Idan gwangwani ɗaya bai isa ba, za ki iya sayen biyu ko uku masu launi kusa da juna, ki juye su duka a babban bokiti, ki gauraya sosai har su zama launi guda kafin buroshi ya taɓa bango. Sharaɗin shi ne su kasance iri ɗaya: fentin ruwa ba ya haɗuwa da fentin mai, kuma na cikin ɗaki ba zai jure rana da ruwan sama a waje ba. Ki duba sheƙinsu ma, domin mai ƙyalli yana fito da duk wani lanƙwasa da ke jikin bango.

Kada ki dogara da launin da aka ɗiga a kan murfi. Ki roƙi mai shagon ya buɗe, ki sa sanda ki motsa har ƙasa. Idan ya haɗe ya yi sumul, to lafiya. Idan kuwa ya yi gudaji-gudaji da ba sa narkewa, ko yana warin tsami, ki bar masa kayansa ko da kyauta ya ba ki. Daga nan ki shafa kaɗan a jikin kwali, ki bari ya bushe, ki duba shi a cikin ɗakin da rana da kuma dare, saboda fenti yakan sauya kama bayan bushewa.

Ni dai shawarata ita ce ki zaɓi launi mai haske. Mai haske ana iya ƙara masa duhu da ɗan sinadari kaɗan, amma mai duhu sai ya cinye farin fenti mai yawa kafin ya washe, kuma kuɗin farin zai iya cinye rangwamen da aka yi miki gaba ɗaya.