Ina koren ganye yake zuwa in ya tsufa?

Malam ka tambaya wai ina koren ganye yake tafiya in ya tsufa, to ba ɓacewa yake haka kawai ba fa, bishiyar ce da kanta take wargaza kulorofil ɗin, wato sinadarin da ke sa ganye ya zama kore, don ta kwashe naitirojin ɗin furotin da ke riƙe da shi kafin ganyen ya faɗi. Ana zare maganiziyam ɗin da ke tsakiyar zoben kulorofil ɗin (ƙirarsa kamar zobe take) sai koren ya dusashe, sannan wani enzayim, wato furotin mai saurin sarrafa sinadarai, ya ɓalle zoben ya ba da sinadari ja wanda ba ya daɗewa, ƙarshe ya zama mara launi. Rawayan nan kuwa da ake gani a tsohon ganye wani sinadari ne mai suna karotinoyid, dama can yana ciki kore ya rufe shi. Jan da ake gani a ganye kuma wani sinadari ne daban mai suna antosayanin, sabo ganyen yake haɗawa.