Kwalaben da ka gani a bayana

Yaya, saƙonka ya same ni tun ranar Laraba. Na ƙi amsawa a take ne don kada bakina ya faɗi abin da bai kamata ƙani ya faɗa wa wansa ba. Ka ce an tura maka hotona ina zaune a ƙarƙashin rumfa, koren kwalabe jere a teburin da ke bayana, kana tambaya ko mu Hausawan Gana shiga mashaya ya zama mana kamar shiga kasuwa. Ka ƙara da cewa dama wanda ya daɗe a kurmi sai a hankali. Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai.

Hoton nawa ne, babu wanda ya haɗa shi. Jana'izar kawun matata ce a unguwar Osu, nan Akra, ranar wata Asabar. Mutanen Ga, 'yan asalin Akra, idan sun binne mamaci sai a kafa rumfuna a bakin titi, kowa da baƙin kaya ko ja, a zauna ana karɓar gaisuwa har yamma, mai sha ya sha. Surukina ne ya rasu, Yaya. In ƙi zuwa? Ka buɗa hoton da kyau ka dubi abin da ke hannuna, Malta ce.

Amma ba zan fake da jana'iza ba. Ina shiga mashaya, kusan kowane mako ma. Ka manta sana'ata ce? Gyaran firji da firiza nake yi tun ina saurayi, kuma a garin Akra babu mai jin zafin mutuwar firiza kamar mai sayar da giya. Mai gida zai iya haƙuri kwana uku, shi kuwa mai mashaya in abin sanyinsa ya tsaya da la'asar, kafin magariba ya kira ni sau biyar. Da jakar kayan aikina na san lungunan Adabraka da Jamestown da Labadi fiye da direban turoturo, motar hayarmu.

Bari in raba maka su, don daga nesa duk sunansu ɗaya a wurinku, gidan giya.

Akwai abin da ake kira cof ba. Wannan gidan abinci ne: fufu, banku, miyar gyaɗa, kifi. Wani baƙo da ya taɓa sauka wurinmu daga Zariya ya wuni da yunwa a Tudu saboda duk inda ya ɗaga kai sai ya ga an rubuta "ba", wato mashaya da Turanci, a allo, ya yi ta a'uziyya yana wucewa. Da dare da na fassara masa sai da ya yi dariya har da hawaye. Gaskiya wasu cof ba ɗin sukan ajiye kwalba ga mai so, amma abinci ne sana'arsu.

Sai 'yan ƙananan shagunan katako masu shuɗin fenti, inda ake auna akfetashi da ɗan kofi kamar ana auna magani. Barasa ce da ake dafowa daga bammi ko rake, mai ƙarfin gaske. Turawan mulki sun haramta ta, mutane suka koma shan ta a ɓoye, har sunan nata da yaren Ga daga ɓuya ya samo asali, sai a 1962 zamanin Nkrumah aka sake ta. Waɗannan ba ruwana da su, ba su da firji. Ina dai ganin masu tsayawa a ƙofarsu da sassafe su kora ɗaya su yamutsa fuska su wuce wurin aiki. Masu fito ma haka, matan arewacin Gana masu dafa ta da dawa a manyan tukwane, ana sha da ƙwarya. Wannan kam ba sai na yi maka bayani ba, sunan ma namu ne.

Inda abincina yake shi ne sifot. Kwantena ce ko ɗaki ɗaya a gaban gida, kujerun roba a waje, lasifika, talabijin don ƙwallo, da firiza ɗaya ko biyu a ciki. Yawanci mace ce mai wurin, kuma yawanci ta san kowa da sunansa da bashinsa. Koren kwalaben da ka gani Club ce, wadda kamfaninta ke Adabraka tun 1931. A shekarar 2015, lokacin da ɗauke wutar da ake kira dumso ya yi tsanani, na canza kwamfiresa ba adadi, don wutar in ta dawo da ƙarfi take dawowa ta ƙone inji. Da kuɗin shekarar nan na yi wa ɗakin Inna rufin kwano sabo.

Na manya kuma suna Osu da Labone da East Legon, masu sanyin iyakwandishan da fitilu ja da shuɗi. Can ne na ga abin da ya ba ni dariya: akfetashin nan da talaka ke sha a tsaye, an zuba mata zoɓo da citta da ƙanƙara a dogon kofi, an soka yankan lemon tsami a baki, ana sayar wa baƙi 'yan Amurka masu zuwa hutun Disamba a kan kuɗin da zai ciyar da gida. Zoɓonmu fa, wanda suke kira sobolo. Ni da rana nake shiga irin waɗannan, ta ƙofar baya, kujeru kife a kan tebura, wani yaro yana goge ƙasa, wurin yana warin daren jiya.

To a ƙofar kusan kowace sifot, da zarar rana ta faɗi, akwai wani mutum da tebur da garwashi da fitila, yana yanka albasa yana barbaɗa yaji. Cicinga suke ce wa tsire a nan. Ka yi masa sallama da Hausa, sau da yawa da Hausa zai amsa. Yaya, a nan nake so ka tsaya, domin wannan mutumin Baba ne.

Ka san kakanmu fataucin goro ya kawo shi, ta Salaga ya gangaro Kumasi, bai koma ba. A ƙasar nan aka haifi Baba da mahaifinka duka. Baba ya yi shekaru yana gasa tsire a gaban wata mashaya a Adabraka, ta wata mata 'yar Ga. Da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba da umarni a watan Nuwamba na 1969 cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu, ba a tsaya tambayar wa aka haifa a nan ba, ganin hula da jin harshe ya isa. Mahaifinka ya sayar da abin da ya sayu ya hau babbar mota, shi ya sa kai yau kake Bakano. Baba kuwa Inna tana da tsohon ciki, ba ta iya tafiyar. Matar nan mai mashaya ita ta buɗe musu ɗakin ajiyarta, ta jera akwatunan kwalabe har sama ta tare su, ta shimfiɗa musu tabarma a baya. Inna ta ce kullum da asuba matar kan ƙwanƙwasa a hankali ta turo bokitin ruwa, ta ce lokacin sallarku ya yi. Ba ta taɓa ɗaukar ruwan da kofin shago ba, sabon bokiti ta saya. A bayan akwatunan nan Baba ya yi ta salla har ƙura ta lafa. Cikin da Inna ke ɗauke da shi, Yaya Babba ce, wadda ka sauka a gidanta.

Da matar ta rasu ina ɗan makaranta, Baba ya sa babbar rigarsa ya je ya zauna a rumfar makokinta tun safe har yamma. Da a lokacin akwai waya mai hoto, da an turo muku shi ma da kwalabe a bayansa. Ka taɓa jin an ce Baba ya ɗanɗana? Mutumin da ko goro ba ya ci sai ya yi bisimilla.

Ba na cewa abin ba shi da magana a addini. Na san an hana zama a teburin da ake zagaya giya, kuma na san la'anar ba ta tsaya kan mai sha kaɗai ba. Na kai tambayar gaban malamai biyu a nan Nima. Ɗaya ya ce in bar aikin gaba ɗaya, taimako ne a kan saɓo. Ɗayan ya ce firji firji ne, ruwa da lemo ma a ciki suke, amma in kiyaye. Na ɗauki ta biyun, wataƙila don ita ta fi mini sauƙi, Allah Ya yafe mini in son rai ne. Abin da na tsare shi ne ba na ɗaga musu akwati, ba na fitar da kwalba daga firiza da hannuna, su kwashe kafin in taɓa, ba na kuma zama. Masu wuraren sun san haka. Akwai wadda in ta hango ni tafe take rage kiɗa, da azumi kuma har ta kan ce in dawo bayan na sha ruwa, kayanta za su jira.

Ku a Kano Hisba ke tsare muku. Muna ganin hotuna ana bi ta kan kwalabe da motar daɓe hanya, kuma ban ce laifi ba ne, garinku ne. Mu ƙidayar 2021 ta ce Musulmi ba mu kai kashi 20 cikin ɗari ba a Gana, sauran mafi yawansu Kirista ne. Babu wanda zai fasa mana kwalba. Yaro a zango, wato unguwanninmu na Musulmi, yana tashi yana ganin sifot a hanyar makaranta, a hanyar masallaci, abin da zai hana shi shiga sai abin da aka zuba masa a gida da kunyar idon unguwa. Kuma Yaya, da na zo Kano bikin 'yarka, wa ya bi da ni ta Sabon Gari da dare? Motocin da na gani a fake a can, ba duka na baƙi ba ne. Na yi shiru ne kawai.

Namu ma ba duka suka tsira ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai 'ya'yan zango da ke tsallaka unguwa su je inda ba a san su ba. Amma abin da ya fi ci mana yara ba ya zuwa a kwalbar giya, tiramadol ne, kamar yadda kodin ya addabe ku har aka hana shi a 2018. Yaro zai rantse maka bai taɓa shan giya ba, gaskiya kuma ya faɗa, alhali idonsa a juye. Mashayarmu ta zango ita ce majalisar ataya, inda samari ke zama kan benci ana dafa shayi a ɗan buta ana ta musun ƙwallo da siyasa da hanyar fita Turai har tsakar dare. Yawancinsu lafiya lau. Wasu kuwa in na wuce sai na ji gara ma sifot, don can aƙalla ka san abin da ke cikin kofin.

Na san inda maganarka ta dosa, ko ba ka faɗa ba. Auren da na yi ne. Tun ranar da aka ce muku na auri 'yar Ga wasu a gida suka sa mini ido. A al'adarsu mai neman aure yakan kai kwalbar barasar da ake kira shinaf ranar ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ya ce musu mu ba ma ɗaukar ta, aka yi ta kai da komo, daga ƙarshe wani dattijonsu ya ce to a kawo lemo da abin da ya sauwaƙa. Muka kai akwatin lemo da ƙwaryar goro. Wannan dattijon shi ne wanda na je jana'izarsa. Matar tawa ta musulunta kafin a ɗaura, ta sauke Alƙur'ani bayan haihuwarta ta uku, uwarta kuma har gobe tana zuwa coci, ita ce ma ke tashin jikokinta sahur in suka kwana wurinta. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a nan Akra ranar Ista ya gaishe su. Wasu sun yi surutu, mu dai mun gane abin da yake nufi, don haka muke zaune.

Yaranmu kuma, e, Hausarsu ta karkace. 'Yata takan ce "Mama ya zo", kun yi mata dariya a Kano har ta daina magana kwana biyu. Ita fa da Hausa take mafarki, ga Ga, ga Tuwi, ga Turanci. A garin nan Dagomba da Zabarma da Kotokoli da Mosi in suka haɗu a Nima ko Sabon Zango da harshenmu suke ciniki. Duk Akra da kokon Hausa da ƙosai take karya kumallo, shinkafa da wake ta samu sunan wace, tuwon zafi ya shiga kowane gida. Wani lokaci sai in rasa gane wa ya narke cikin wa.

In za ka zo, ka zo wajen watan Mayu zuwa Yuni, lokacin da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na girbi, Homowo. Sifot duk sukan yi tsit, coci ma a ajiye ganguna, mu ma a mai da lasifika cikin masallaci. Za ka yi barci sosai. Da safe in kai ka sabon babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, mu biya wurin wata Hajiya da babu mai dafa wace kamarta. Sai dai in gaya maka tun yanzu, teburinta a jikin bangon wata sifot yake. In ba ka iya tsayawa, sai ta ƙunsa mana a ganye mu tafi gida da shi.

A gaida Yaya Hajiya da yara. Goron da na aiko ta hannun direba, ka duba ko ya iso da sauran ɗanyensa.