Ki ɗaga tafiyar Yankarin nan zuwa rani

'Yar'uwa, da na ga kin ce kin tara kuɗi za ki kai yara gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi a hutun Agusta su ga giwa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan. Don Allah ki daure ki ɗaga tafiyar.

Mu ma a Agusta muka je. Wani mai haɗa tafiye-tafiye ne ya karɓi kuɗinmu. Sau biyu ina tambayarsa ko damina ba za ta hana ganin namun daji ba, ya rantse mini giwaye har bakin hanya suke fitowa. Adashen wata takwas fa na kwashe na ba shi! Motar da ya turo mana ta mace bayan mun saki titin Gombe a Dindima, muka yi awa uku a gefen hanya ruwa na tsugawa, wayarsa a kashe. Washegari muka shiga dawa, ciyawa ta rufe ko'ina, ba abin da muka gani sai sawun giwa a laka da kashinta. Autana ya ƙanƙame ƙarfen mota tun safe yana leƙe, da muka juyo ya ce, "Umma, giwar fushi take da mu?" Na rasa amsar da zan ba shi. Mai haɗa tafiyar nan ko haƙuri bai ba ni ba, wai ai dabba ba ta alƙawari. Na bar shi da Allah.

Ma'aikacin da ya raka mu ne ya fahimtar da ni. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, da damina ruwa na ko'ina, sai dabbobi su bazu. Da rani kuwa ƙishirwa ke koro su kogin Gaji: giwa, ɓauna, gwanki, ga dorina a ruwa. Ki nufi Janairu zuwa Afrilu, ku fita da sassafe ko bayan la'asar. Ko a nan ma kada ki yi wa yara alƙawarin giwa, rabo ne.

Af, birai! A sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, gwaggon biri ya fizge ledar biredi a hannun 'yata, ta kwana tana firgita. Ki kulle ƙofa da taga, kada yaro ya riƙe abinci a waje. Ki sa musu riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando, ban da baƙa ko shuɗiya, su yake bi.

Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ake wanka a ciki, shi ne ya share mana hawaye. Ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garau har kina ganin yashin ƙasa. Ki tafi musu da kayan canji, ki tsaya kusa da ƙananan don wani wajen yana da zurfi.

Mota kuma ki nemi direban da kika sani, kada ki biya kowa kuɗi gaba ɗaya tun daga gida. Mu Fabrairu muke sa ran komawa in Allah ya kai mu, autan har yau yana tambaya.