Na sayi a-kori-kura ta hannu, tun ba a je ko'ina ba ta fara hayaƙi

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina sarin kaya ina rarraba wa masu shaguna. Kuɗin hayar mota ya ishe ni, sai na tattara abin da nake da shi na sayi a-kori-kura ta hannu mai shan dizal. Mitarta ta nuna kilomita 170,000, kuma wanda ya sayar min ya ce bai daɗe da yi mata juye ba. Yau mako uku ke nan. Idan na yi lodi na kama hawa sai ta riƙa baƙin hayaƙi, allurar zafi ta ɗaga, da safe kuma sai an sha fama kafin ta tashi. Bakanike ya ce a sauya nozul, wato masu fesa mai a cikin inji, gaba ɗaya, kuɗin kuwa sai na taɓa jari. In gyara, in sayar, ko in ci gaba da lallaɓawa?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Lallaɓawar nan ita ce ta fi tsada a cikin ukun, don haka mu fara cire ta.

Ka kawo ƙorafi uku, bakanikenka ya kama wanda ya fi kuɗi, ni kuwa wanda ya fi tayar min da hankali shi ne allurar zafin. Hayaƙi da wuyar tashi suna iya jira na ɗan lokaci. Zafi ba ya jira. Injin da ya tafasa sau ɗaya ko biyu yana iya ƙona gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage, daga nan kuma an bar maganar gyara an koma maganar sauke inji. Kada ka sake yi mata lodi sai an gano dalili. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa ya ragu. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, tururin yana sale fata. Zaro sandar gwajin baƙin mai: idan man ya yi fari-fari kamar an dama shi da ruwa, ko ka ga kumfa na tasowa a lagireto inji na aiki, to da alama gaskit ya riga ya tafi. Idan babu wannan, sau da yawa abin bai wuce lagireto da ya toshe da laka da tsatsa ba, ko fanka da ta daina kamawa sosai, ko famfon ruwa, ko ɗan makunnin nan da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗauki zafi. Wasu za su ce a cire makunnin a jefar. Kada ka yarda. A sauya shi da sabo.

Maganar nozul kuwa, ban ce bakanikenka ya yi ƙarya ba, amma ya fara karatu daga ƙarshen allo. Baƙin hayaƙi a injin dizal yana nufin mai ya fi iska yawa. Abu na farko da ke hana iska shiga shi ne filtar iska da ta cika da ƙura, kuma tana cikin mafi arahar kayan mota. Bayan ita sai robar da ke kai iska daga tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) zuwa inji, wadda kan tsage ta riƙa huci, sai dattin hayaƙi da ke taruwa a bututun shigar iska. Lodin da ya wuce ƙima ma yana sa hakan. Sai an wanke waɗannan daga zargi sannan a zo kan nozul, kuma ko an zo, gwada su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ana auna man da kowanne ke mayarwa baya, sannan idan motar tana da kwamfuta, akwai soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike ta nuna wanda ke ciwo. Mai yiwuwa ɗaya ne ya lalace a cikinsu. Duk bakaniken da ya ce maka a sauya ba tare da ya gwada ba, da kuɗinka yake canke. Ka biya kuɗin bincike daban, ko da a wani garejin ne, ka karɓi sakamakon a rubuce.

Wuyar tashi da safe: a duba hita, wato 'yan sandunan da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar, a duba ko iska na shiga layin mai, a auna batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 mota na kashe, ya haura zuwa wajen 14 inji na aiki.

Yanzu ga inda nake so ka fi saurara, domin nan ne kasuwancin yake. Ranar da ka biya kuɗin motar hannu ba ka gama sayenta ba. Akwai cikon farashi, shi ne gyaran farko, kuma a lissafi cikin kuɗin saye yake, ba asara ba ce. "Ban daɗe da yi mata juye ba" magana ce da kowane mai sayarwa ke faɗi. In babu rasit, ɗauka ba a yi ba. Sauya baƙin mai da filtarsa, filtar dizal, filtar iska, man giya, man aksil, ruwan lagireto, da man birki, wanda dama duk shekara biyu ake son sauya shi domin yana tsotsar danshi. Ka rubuta kilomita da kwanan wata. Daga ranar tarihin motar ya dawo hannunka.

Sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, wanda ba ya gargaɗi kafin ya tsinke. Ba ka faɗa min ƙirar motar ba. Idan, misali, Hilux ce mai injin 1KD ko 2KD, a kilomita 150,000 ake sauya bel ɗin, kai kuwa kana 170,000, in ma mitar gaskiya ta faɗa. Sababbin injinan GD da suka fito daga 2015 sarƙa gare su maimakon bel. Ka duba littafin motarka. In bel ne kuma babu shaidar an sauya, sauya shi kafin komai na ƙawa, domin idan ya tsinke ana tafiya, fistin da bawul ne ke karo. Tayoyi ma ka karanta su: lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke gefe su ne mako da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya na iya tsufa da zanenta.

To daga ina kuɗin zai fito ba tare da an ci jari ba? A yanzu dai dole ka taɓa kaɗan, amma ka rubuta shi a matsayin bashin da mota ta ci daga shago, za ta biya. Sannan ka riƙa ɗaukarta tamkar ta wani ce. Duk sawun da ta yi, cire daidai kuɗin hayar da kake biya a da, ka sa a asusu daban. Daga nan za a sha mai, a biya direba, a yi juye, a sabunta takardu da inshora. Ka kuma raba kuɗin tayoyi huɗu da kilomitar da kake sa ran za su yi, haka kuloci da batir, ka ware wannan tun yanzu. 'Yan kasuwa da yawa suna ganin mota na kawo riba ne kawai saboda kuɗin shago ke biyan gyaranta a ɓoye.

Abin da zai fi jarrabarka shi ne lodi. Yawancin irin waɗannan motoci abin da suke ɗauka bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba, kuma nauyin direba da yaran mota yana ciki. Adadin na rubuce a jikin ƙofa ko a littafi. Na san lissafin da zuciya ke yi: sawu ɗaya maimakon biyu. Amma abin da ka tsira da shi a mai, sifirin da boris da kuloci da birki za su karɓe shi da riba, kuma ina zargin wani ɓangare na hayaƙin nan da zafin daga nan yake. Gwada ta a hawan nan da rabin kaya ka gani.

Sayarwa a yau ba na ba ka shawara. Mai saye zai ga hayaƙin ya karya farashi, ɓoye masa aibi kuma ba halinka ba ne. Sharaɗi ɗaya ne zai sa in sauya magana: idan bincike ya nuna kan inji ya tsage, ko shasi ya ruɓe da tsatsa ko an taɓa yi masa walda bayan haɗari. In ba haka ba, gyara bisa tsarin da na jero, zafi tukuna, ka ba ta wata uku da littafin lissafinta. Idan asusunta na biyan bukatunta har ya fara rage bashin shago, riƙe ta. Idan bayan wata ukun har yanzu shago ke ciyar da ita, ka turo min alƙaluman mu duba tare.